Yadda Kunkuru Ta Kai Allura Rugar Arɗo Buba

Dutsin-Ma.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sa kin sauka Zariya lafiya, Ya tsare ki a kwana da tashi, Ya haɗa ki da abokan zama nagari. Innarki na gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Ranar da na kai ki tasha ban ce maki komai ba sai "Allah Ya tsare." Kin san halina, bakina ba ya iya dogon zance in ana kallona. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ba labarin gida zan ba ki ba, gida yana nan yadda kika bar shi. Ni makanike ne, abin da na sani na duniya a ƙarƙashin mota na koye shi, kuma mafi yawansa ƙarƙashin mota ɗaya, wato jif ɗinmu da kuke kira Kunkuru. Kin tashi kin gan ta tana yawo, amma ba ki san wautar da babanki ya tafka a kanta ba. Tunda karatun kula da lafiyar dabbobi kika tafi, ke ma rayuwarki ta daji ce, don haka ki saurara.

Kina 'yar ƙarama lokacin, shekarar da aka sauya tuƙi aka koma hannun dama. Na je Kurfi gyaran injin niƙa, sai na hango ta gindin wata tsamiya, ba taya ko ɗaya, an ɗora ta bisa duwatsu, kaji na ƙwai a kujerar direba. Tsohuwar motar hukuma ce da ta daɗe tana kai ma'aikata ƙauyuka kafin a jefar da ita. Irin jif ɗin nan ce mai ja da ƙafa huɗu: sauran motoci ƙafafun baya kaɗai ke tura su, ita kuwa in ka sa mata ƙaramin giya, duka huɗun ke aiki tare. Na leƙa ƙarƙashinta na ƙwanƙwasa ƙarfen da ke ɗauke da ita, na ji yana amsawa garau. Da aka yi gwanjonta ba wanda ya taya sai ni da masu ƙera tukwane, su bodinta suke so su narke, don na gorar ruwa ne, wato alminiyam. Ni na samu. Wata babbar mota ta ɗauko mani ita har ƙofar gida, Innarki ta leƙo ta dube ta ta ce, "Malam, akurki ka sawo mana?"

Kuskurena na farko shi ne fenti. Ina jin kunyar dariyar maƙwabta, don haka kafin in buɗe injin in ga abin da ke ciki, sai na nemo tayoyi na shafe ta da koren fenti mai ƙyalli, har na sa aka rubuta mata addu'a a goshi. Na wanke kafireta sama-sama, na sa sabon batir, ta yi tari ta tashi. Ranar kasuwa na sa babbar riga na shiga na nufi tsakiyar gari don kowa ya gani. Daidai rumfar mahauta ta saki wani baƙin hayaƙi ta mutu. Na yi, na yi, ko motsi. Ƙarshenta wani manomi daga Dabawa ya ara mani shanun huɗarsa suka ja ta zuwa gida, ina zaune bisa sitiyari da babbar rigata, yara na bin mu suna waƙa suna cewa ga kunkuru ya ci ado. Nan sunan ya samo asali.

Uwani, za ki ga 'yan makaranta masu son a ce sun iya tun kafin su iya. Kada ki shiga cikinsu. Ki fara gyara abin da ba a gani, ki bar na gani ya jira. Dariyar da nake gudu ba ta kai rabin wadda na jawo wa kaina ba.

Bayan wannan abin kunya sai zuciya ta ɗebe ni, na kwance motar kaf. Injin na sani, shi bai ba ni wahala ba. Amma giyabos ɗin irin wannan mota biyu ne a haɗe, babba da ƙarami, kuma ban taɓa buɗe irinsa ba. Na zazzage shi bisa tabarma ban yi wa komai alama ba. Da na zo mayarwa, kowane haƙori ya yi kama da ɗan'uwansa. Damina ta shiga ta fita kayan nan na cikin buhu.

A garin nan kuwa akwai wanda ya san motar kamar tafin hannunsa, Baba Sande mai walda, mutumin Ogbomosho, wanda kika sani. Ya yi aiki a garejin hukuma shekaru, irin waɗannan motocin ya tsufa yana gyarawa. Rumfarsa ba ta da nisa da tawa, amma na ƙi zuwa. Ina ganin ni ɗan gari, ana ce mani Malam Isiyaku Makanike, yaya za a ji na kai wa baƙo, kuma Kirista, aikin da ya gagare ni? Wata safiya dai na gaji, na saɓi buhun na dire mashi. Ya buɗe ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Malam Isiyaku, wa ya yi wa giyabos ɗin nan haka?"

Na ce, "Wani yaro ne."

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kai, yaron nan ina jin yana da gemu."

Muka yi ta dariya har na zauna ƙasa. Bai ƙara ce mani komai kan maganar ba. Ya shimfiɗa buhu, ya jera haƙoran ɗaya bayan ɗaya, yana sa ni ina haɗawa da hannuna, ya ce in shi ya haɗa gobe ma sai na dawo. Daga nan aikin ya zama namu mu biyu. Ranar Juma'a in na tafi masallaci shi ke tsare mani rumfa, ranar Lahadi in ya tafi coci ni ke tsare tasa. Abin da ya karye ya liƙe da walda, abin da babu muka je Kano muka tono cikin tsofaffin ƙarafa. Lagireto muka wanke muka toshe, wayoyin wuta muka sake su gaba ɗaya, birki muka yi mata sabo, kujeru kuwa wani baduku ya rufe su da jar fata.

Ranar da muka gama, da hantsi ne. Baba Sande ya ce kada mu tayar da makulli, mu tayar da handul yadda aka san ta. Na zura ƙarfen a gabanta na yi bisimilla na murɗa. Ta amsa nan take, da wata murya mai sanyi, tana bugawa daidai kamar zuciyar mai lafiya. Ba hayaƙi, ba tari. Tsohon nan ya cire hularsa ya jefa sama, Innarki ta rangaɗa guɗa daga cikin gida, ke kuma kika fashe da kuka don tsoro. Na ɗauke ki na ɗora bisa cinyata muka zagaya gari, muka bi ta rumfar mahauta da gangan, a hankali, ina danna ham. Sarkin fawa ya miƙe tsaye ya ɗaga mani hannu.

Ɗiyata, inda kika je za ki haɗu da mutane daga ko'ina, masu sallarki da waɗanda ba su yi, masu harshenki da waɗanda ba su ji. Ki riƙe addininki da kyau, ki kuma tambayi wanda ya sani ko daga ina ya fito. Cewa "ban sani ba" ba ta ɗaukar lokaci. Ni ƙin faɗinta ya ci mani damina guda.

Da mota ta miƙe sai kaina ya kumbura. Na riƙa cewa ba inda Kunkuru ba ta shiga. Wani rani na ɗauko buhunan gero daga wajen Kutawa, na iso wani rafi da ya ƙafe, yashi fari fat. Wani dattijo bisa jaki ya ce mani, "Direba, sauka ka taka ka ji, tsakiyar nan da laushi." Na ce mashi, "Baba, ai wannan ba jaki ba ce." Na taka mai na afka da gudu. A tsakiya ta nutse, ni kuma maimakon in tsaya sai na ƙara mata wuta, tayoyi na haƙa, har na ji ƙas! Sandar da ke juya ƙafar baya ta karye. Dattijon ya ratsa ta gefena da jakinsa, ya yi mani sannu cikin ladabi ya wuce. Wannan sannun ta fi mari zafi.

Amma a rafin nan na koyi yashi. Na koyi sauka in taka da ƙafata kafin in shiga, in rage wa tayoyi iska su baje, in sa ƙaramin giya tun ina bisa tudu, in tafi a hankali ba tsayawa. Ƙarfin motar na nan, amma ba ya aiki sai da haƙuri. Duk inda kika isa baƙon wuri, ofis ne ko ruga ko gidan miji in lokaci ya yi, ki fara takawa ki ji ƙasar. Kuma in mutumin wurin ya ce maki akwai laushi, to akwai.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro in na tuna shi ne na ƙarshe, don saura ƙiris ya raba mu da ita. Shekarun da arzikin mai ya buɗe, gari ya cika da sababbin motoci, a-kori-kura masu sheƙi, kowane ɗan kwangila da tasa. Kunkuru ga ta da sitiyari a hannun dama irin na da, ga jinkiri, ga ƙara. Na fara jin nauyin a gan ni cikinta. Na jingine ta bayan gida, ƙarshe na yi magana da masu tukwanen nan su zo su ɗauka. Da suka iso da guduma da kurfi, sai suka tarar da Innarki zaune a kujerar gaba da tiren gyaɗa tana ɓara.

Na ce, "Rabi, sauko mana, mutane na jira."

Ta ce, "Malam, ban taɓa saɓa maka ba. Amma shekarun da ka yi kwance ƙarƙashin motar nan ni na yi su da kai, ni na wanke baƙin man da ke rigunanka. Ba za a dafa mani tuwo cikinta ba. In za su fasa, su fasa da ni."

Masu tukwane suka dubi juna suka ce, "Malam, a yi haƙuri, mun fasa." Na yi fushi kwana biyu. Yau in na tuna sai in yi mata addu'a. Kada ki yar da abu mai amfani don kawai an daina yayinsa, kuma in wanda ya sha wahala tare da ke ya ce a'a, ki tsaya ki ji dalilinsa.

Ba a daɗe ba zamani ya juya. Aka shiga tsuke bakin aljihu, kayan gyara suka ɓace a kasuwa, sababbin motocin nan suka riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya don rashin wani ɗan abu da ba a iya ƙerawa a nan. Kunkuru kuwa ba abin da ke jikinta da ni da Baba Sande ba mu iya gyarawa da sifana da walda. Na wanke ta na mayar da ita hanya.

Sai ga shekarar bushiya, annobar shanu. Kina makarantar kwana lokacin, labari kawai kika ji. Uwani, Allah kada Ya maimaita mana. Ciwon nan in ya shiga garke, saniya ta fara zubar da hawaye da majina, bakinta ya yi gyambo, zawo ya kama ta, sai ta kwanta. Na ga Bafulatani babba da furfura zaune cikin gawarwakin shanunsa yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Wata safiya bayan sallar asuba Malam Bitrus, malamin asibitin dabbobi, ya yi mani sallama, tare da wani dogon dattijo da ƙafafunsa suka yi futu-futu. Shi ne Arɗo Buba, ya tako tun daga rugarsu can bayan Kutawa. Malam Bitrus ya ce, "Malam Isiyaku, maganin rigakafi ya iso jiya, yana cikin firjin kananzir. Ciwon ya kai garken da ke maƙwabtaka da su Arɗo, nasu bai kamu ba tukuna. Motarmu na kwance ba kayan gyara, na samu aron wata amma ba ta ƙetare yashi. Maganin nan kuma in ƙanƙarar da ke riƙe da shi ta narke ya ji zafi, ya zama ruwan banza. Da ƙafa ko da jaki ba za mu kai shi da rai ba."

Arɗo ya jingine sandarsa ya riƙe hannuna da hannu biyu.

Bazara ce, tun da safe iska kamar daga bakin tanda. Muka jera akwatunan ƙanƙara a baya, Innarki ta jiƙa buhunan algarara muka lulluɓe su, Baba Sande ya jefa jakar kayan aikinsa ya haye ba wanda ya gayyace shi. Muka bar kwalta muka shiga burtali, daga burtali muka shiga inda ba hanya sai sawun shanu. Arɗo na gaba kusa da ni yana nuni da sanda. Kunkuru na hawa kwazazzabai tana sauka, ƙaya na karce mata jiki, allurar zafin injin ko gezau. Malam Bitrus na baya rungume da akwati ɗaya kamar jinjiri, lokaci lokaci ya sa hannu ya taɓa buhun ya ce, "Malam, ruwa ya fara ɗiga."

Rana ta take muka iso rafin nan, shi dai wanda ya karya mani mota. Hayin can ana hango bukkoki da fararen shanu. Malam Bitrus ya ce, "Don Allah taka mata, lokaci na tafiya!" Wallahi ƙafata ta yi ƙaiƙayi. Amma na kashe mota na sauka. Na taka yashin har tsakiya, na ji inda ya yi laushi, na karkata ta wajen wasu duwatsu na samu ƙasa mai tauri, Arɗo na bina yana kafa karan dawa inda na nuna. Na dawo muka rage wa tayoyi iska. Na sa ƙaramin giya na ce, "Bismillahi."

Ta shiga tana gurnani, a hankali, kamar mai tafiya da ƙafa ma zai wuce ta. A tsakiya ƙafar baya ta fara zamewa. Baba Sande ya yi tsawa daga baya, "Kada ka ƙara, kada ka rage! Bar ta ta yi aikinta!" Na riƙe ƙafata yadda take. Ƙafafun gaba suka kama, suka jawo na baya, ta yi wani yunƙuri ta fice, ta haye gangaren hayin kamar ba komai. Samarin ruga da suka taru a bakin gaɓa suka ɗaga sanduna sama suka kaure da ihu, mata na guɗa, suka rufa mana baya da gudu har cikin ruga.

Malam Bitrus ya buɗe akwati. Ƙanƙarar ta ragu, amma tana nan, kwalabe sanyi ƙalau. Ya ɗaga guda sama ya ce, "Mun gode wa Allah!" Ni ma na ce alhamdu lillahi. Aka kafa shinge aka fara koro shanu. Malam Bitrus yana allura, samari na kamawa, ni makanike aka ba ni abin tsaga kunne ina yi wa wadda aka yi wa allura alama, Baba Sande da ke tsoron ƙaho ya haye bisa rufin mota yana ba da umarnin da ba mai ji. Kafin la'asar an gama garken Arɗo da na 'yan'uwansa. Washegari muka koma da wani maganin, haka muka yi ta yi har ƙarshen bazara, ruga bayan ruga, ba ranar da motar nan ta ba mu kunya. Inda muka riga ciwon isa, shanu sun tsira.

Bayan damina, ranar wata kasuwa, sai ga Arɗo Buba da jama'arsa a ƙofar rumfata, maza da mata cikin ado, da mai kalangu. Matan suka wanke Kunkuru tas, suka rataya mata faya-fayai masu launi da tutocin ulu irin na ƙwaryar amarya. Arɗo ya ɗora hannu bisa goshinta kamar yadda suke yi wa saniyar da suke ji da ita, ya ce, "Mi yetti, na gode. Malam, wannan ba mota ba ce, nagge ce, ta shiga garkenmu." Suka sa ni na tuƙa ta a hankali cikin kasuwa, Innarki da Baba Sande na ciki, Fulani na gaba da baya suna rawa, mutanen gari na tafi. Ban taɓa hawan doki ba, ɗiyata, amma ranar ban yi hassadar kowane mai sarauta ba.

Ga abin da nake so ki riƙe. Aikin da kika zaɓa ba na ofis ba ne. Wata rana wani zai tako da ƙafa daga nesa ya riƙe hannunki, dukiyarsa duka da abincin 'ya'yansa na tsaye bisa abin da kika koya. Ki yi karatun nan saboda ranar, ba saboda takardar shaida ba. Ki kula da kayan aikinki tun ba a buƙace su ba. Ki tsare sallarki, ki tsare mutuncinki, kada ki raina makiyayi don bai yi boko ba, kada kuma ki raina kanki don ke mace ce cikin maza.

Sauran magana ɗaya. Malamar dabbobi da ke jiran sai an samo mata direba, ciwo zai riƙa riganta isa. Don haka in kin zo hutu zan koya maki tuƙi, a filin bayan gari tukuna, sannan yashi. Na san za a yi surutu a gari, an saba yi da ni. Na riga na sa Baba Sande ya matso da kujerar direba gaba don ƙafarki ta kai kuloci, Innarki kuma ta ce ranar farko ita ce a gefenki, ni in zauna baya.

Allah Ya tsare mani ke daga sharrin mutum da aljan, Ya kiyaye ki a hanya da masauki, Ya buɗe maki ƙirji, Ya sa albarka a karatunki, Ya dawo mana da ke lafiya. Amin summa amin.

Ni ne mahaifinki,
Isiyaku Makanike.